Manhajar ajiye kwafin bayanai a ofishin makaranta: amsa ga wata malama daga Gombe

"Assalamu alaikum Malam. Ni ce nake riƙe da kwamfutar ofishin wata makaranta mai zaman kanta a Tumfure, cikin garin Gombe. A zangon karatun da ya wuce faifan kwamfutar ya mutu, sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekara uku da lissafin kuɗin makaranta duk suka tafi da shi. Mai gyara ya ce har abin da ke cikin D ma ya tafi, alhali can nake kwafe komai. Yanzu shugaban makaranta ya sayo mana faifan waje mai terabait ɗaya, wani kuma ya ce mu sa Google Drive kawai mu huta. Wace manhaja ya kamata in yi amfani da ita, kuma yaya zan tsara ta don kada hakan ta sake faruwa? Sannan ko akwai fatan dawo da abin da ke kan tsohon faifan?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya mayar da alheri, Ya kiyaye na gaba. Tambayarki ta ƙunshi abu uku: manhajar da za ki zaɓa, yadda za ki tsara ta, da makomar tsohon faifan. A shekarun da na yi ina gyara da kula da kwamfutocin ofisoshi da makarantu tsakanin Gombe da Bauchi, abin da na lura da shi shi ne zaɓen manhaja shi ne mafi sauƙi a cikin ukun, domin akwai huɗu ko biyar na kyauta da kowace za ta yi miki aikin. Abin da yake raba wanda ya tsira da wanda ya yi asara shi ne inda kwafin yake kwana, da kuma ko an taɓa gwada dawo da shi kafin ranar da aka matsu. A kan waɗannan biyun zan fi tsayawa.

Da farko, batun D. Kuskuren da kika yi ya yaɗu ƙwarai, kuma laifin ya fi komawa kanmu masu gyara, domin mu ne muke raba faifai gida biyu idan muna ɗora Windows, mu ce wa mai kwamfuta ya riƙa zuba kayansa a D saboda idan an sake ɗora Windows ba za su goge ba. Wannan maganar gaskiya ce, amma iyakarta ke nan. A mafi yawan kwamfutocin ofis C da D ɗaki biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, wato ƙarfe guda ne aka yi masa shamaki a tsakiya. Ranar da ƙarfen ya lalace, ɗakunan biyu tare suke rushewa. Saboda haka duk tsawon shekara ukun nan kwafi ɗaya tak kike da shi, ko da yake idonki yana nuna miki biyu.

Madubi daban, rumbu daban

Shawarar da aka ba ku ta Google Drive tana da amfani, amma ba ta isa ita kaɗai ba, kuma dalilin yana da muhimmanci ki gane shi. Manhajojin Google Drive da OneDrive da Dropbox da ake sawa a kwamfuta, aikinsu na asali shi ne su sa abin da ke kwamfutarki da abin da ke rumbun kamfanin a intanet su zama iri ɗaya. Kamar madubi suke: kika gyara fayil, can ma ya gyaru; kika goge shi, can ma ya tafi; ƙwayar cuta ta lalata shi, lalataccen ne zai hau. Gaskiya ne suna riƙe abin da aka goge a kwandon shara, amma na ɗan lokaci ne. A Google Drive kwana 30 ne, daga nan ya tafi ke nan, kuma haka yake a OneDrive na asusun mutum ɗaya. A makaranta kuwa, takardar sakamakon zangon farko ba wanda zai sake buɗe ta sai wataƙila ƙarshen shekara lokacin haɗa jimilla, ko ranar da uban yaro ya zo neman takardar sauya makaranta. Idan an goge ta bisa kuskure a watan Janairu, ba za a farga ba sai Yuli, kwandon kuwa an daɗe da zubar da shi.

Manhajar ajiyar ko-ta-kwana ta gaskiya rumbu ce. Tana ɗaukar kwafin fayil kamar yadda yake yau ta ajiye, gobe idan ya canza ta ajiye sabon ba tare da ta taɓa na jiya ba, ta yadda za ki iya cewa a dawo miki da takardar kamar yadda take ranar Talatar makon jiya, kafin wani ya taɓa lissafin da ke ciki. Manomi ba ya haɗa irin shuka da hatsin da ake ɗiba kullum a yi tuwo, kuma hikimar ɗaya ce a nan.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka fi yarda da ita ana kiranta 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ba ki son rasawa, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wajen ginin da kwamfutar take. A wurinku, na farko shi ne wanda ke kan kwamfutar, na biyu faifan wajen da aka sayo, na uku kuma rumbun intanet ko wani faifan da yake kwana a wani gida. Na ukun nan shi ne maganin gobara da ɓarawo da tsawar damina, domin duk ukunsu ba sa bambanta kwamfuta da faifan da ke ajiye kusa da ita a kan teburi.

Wace manhaja?

Idan kwamfutar tana kan Windows 10 ko 11, ki fara da abin da ke cikinta, wato File History, wanda Microsoft ta shigo da shi tun Windows 8 a shekarar 2012. Za ki same shi a Control Panel. Ki jona faifan waje, ki zaɓe shi, ki kunna. Idan ba a sauya masa tsari ba, duk awa ɗaya yake ɗaukar kwafin abin da ya canza, kuma yana riƙe tsofaffin kwafi har sai faifan ya cika. Amma akwai tarko guda da nake so ki kiyaye. File History yana kula ne da foldojin da Windows ta sani na mai amfani, irin su Documents da Pictures da Desktop. Idan kin ci gaba da al'adar zuba aiki a wata folda a D, ba zai waiwaye ta ba sai kin shigar da ita cikin jerin da kanki. Mafi sauƙi shi ne ki tattara duk aikin makaranta a folda ɗaya cikin Documents, ki raba ta shekara-shekara da zango-zango, ki kuma hana kowa ajiye aikin ofis a wani wuri daban.

File History fayiloli kawai yake ajiyewa, ba ya ajiye Windows ɗin kanta da manhajojin da aka ɗora mata. Idan kina son ranar da faifai ya sake mutuwa a sa sabo a mayar da kwamfutar yadda take cikin 'yan awoyi, har da saitin firinta da manhajar haɗa sakamako, to kina bukatar manhajar da ke ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya, wato cikakken kwafin duk abin da ke kansa har da Windows. Wadda na fi ɗora wa ofisoshi ita ce Veeam Agent na Windows, wanda yake da nau'in kyauta. Ina son sa saboda abu biyu: ana iya saita shi ya fara aiki da zarar an jona faifan waje, kuma ana iya saita shi ya cire faifan daga jikin Windows da kansa idan ya gama. Zai kuma nemi ki haɗa filash ɗin tayar da kwamfuta, wanda da shi ake mayar da hoton idan Windows ta ƙi tashi. Kada ki tsallake wannan matakin, ki haɗa filash ɗin a ranar farko, ki rubuta a jikinsa, ki sa shi a durowar da ake kullewa. Da Macrium Reflect muke amfani a da, amma kamfanin ya daina bayar da nau'insa na kyauta. Clonezilla ma yana aikin sosai, sai dai hannun mai gyara yake bukata, ba zan ɗora miki shi ba.

Irin waɗannan manhajoji sukan ɗauki cikakken kwafi sau ɗaya, daga nan kuma su riƙa ɗaukar abin da ya canza kawai. Wannan ne ya sa karon farko zai iya cin awa ɗaya ko fiye, na bayansa kuma 'yan mintoci. Sai dai ƙananan kwafin nan a sarƙe suke da juna da kuma babban na farko. Idan wani ya buɗe faifan ya ga manyan fayiloli masu baƙon suna ya goge ɗaya don ya samu wurin zuba hotunan bikin yaye ɗalibai, sarƙar ta tsinke, kuma abin da ya biyo bayan wurin da ta tsinke ba zai dawo ba. Don haka faifan nan na ajiya ne kawai. Ba a ara wa kowa, ba a zuba masa komai da hannu, ba a kuma kai shi shagon buga takardu, inda filash da faifai suka fi kwaso ƙwayar cutar nan da ke ɓoye foldoji ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu.

Akwai wani abin da ya shafi makarantu musamman. Idan kuna amfani da wata manhaja ta haɗa sakamako ko ta lissafin kuɗi, sau da yawa ba ta ajiye bayananta a Documents, tana ɓoye su ne a foldarta ta kanta, kuma kwafe irin wannan fayil yayin da manhajar take buɗe kan iya haifar da kwafin da ba zai buɗu ba. Ki tambayi wanda ya ɗora muku ita inda maɓallinta na fitar da kwafi yake, ki riƙa danna shi a ƙarshen kowane aiki, ki sa ya riƙa sauka a cikin foldar da File History yake kula da ita.

Game da intanet, kada tsadar data ta tsorata ki. Takardun Word da Excel ƙanana ne ƙwarai, kuma aikin ofis na shekaru da yawa da wuya ya cika gigabait biyu idan an ware hotuna da bidiyo. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da hotuna suke rabawa tsakaninsu, OneDrive kuma 5. Ki ɗora foldar takardu kaɗai, hotuna da bidiyo su tsaya a faifan waje. Kuma saboda matsalar madubin da na faɗa, a ƙarshen kowane zango ki dunƙule foldar zangon ta zama fayil ɗaya na zip, ki sa mata suna da shekara da zango, ki ɗora ta da hannu ta shafin Drive a wata folda da ba a haɗa ta da kwamfutar ba. Wannan dunƙulen ba mai sake taɓa shi. Idan kina son manhaja ta yi miki wannan aikin kullum, Duplicati kyauta ce, tana kulle bayanan da kalmar sirri kafin su bar kwamfutar, tana kuma riƙe tsofaffin kwafi, sai dai saitinta na farko zai so mai gyara ya zauna tare da ke.

Kada faifan ya kwana a jikin kwamfuta

Wannan ita ce shawarar da mutane suka fi ƙin bi, domin barin faifai a jone ya fi sauƙi. Amma faifan da ke jone da kwamfuta dare da rana, duk abin da ya samu kwamfutar zai same shi. Akwai ƙwayar cutar da ke garkuwa da fayiloli ta kulle su ta nemi kuɗin fansa, kuma tana bin duk faifan da ta tarar a jone. A watan Mayun 2017 wadda ake kira WannaCry ta afka wa kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila, kuma ta shiga ne ta wata kafa da Microsoft ta riga ta fitar da abin toshe ta amma ba a ɗora ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka ki bar kwamfutar tana karɓar sabuntawa. Ki kuma sanar da shugaban makaranta cewa Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, na Windows 7 kuwa tun Janairun 2020.

Bayan ƙwayar cuta akwai wuta. Ɗaukewa da dawowar wuta ba zato, da sauyawa zuwa janareta, suna daga cikin abubuwan da na fi gani suna lalata faifai a yankinmu, musamman idan wutar ta yanke ana tsakiyar rubuta bayani a kansa. Idan kwamfutar ta teburi ce, ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, zai ba ki mintocin da za ki rufe komai cikin natsuwa. Faifan waje irin mai terabait ɗaya mai araha yawanci mai juyawa ne a ciki, faɗuwa ɗaya daga teburi yana aiki ta isa ta kashe shi. Zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu su ma ba sa yi masa daɗi, don haka a jakarsa a cikin durowa ya kamata ya zauna, nesa da taga.

Tsarin da nake ba makarantu shi ne a jona faifan a ƙarshen aikin yini, a bar manhaja ta gama, a cire shi ta hanyar da Windows ta tanada, a kulle. A makonnin jarrabawa da shigar da maki, kullum. A sauran lokuta, sau biyu a mako ya wadatar. Ma'aunin shi ne ki tambayi kanki aikin kwana nawa za ki iya sake bugawa ba tare da ya gagare ki ba. Idan makarantar za ta iya sayen faifai na biyu, ina ba da shawarar hakan da ƙarfi: a rubuta wa ɗaya A ɗaya B, duk ranar Juma'a a musanya, ɗaya yana ofis ɗaya yana gidan shugaban makaranta. Tunda faifan zai riƙa fita da sunayen yara da lambobin iyayensu da bayanan kuɗi, a kulle shi da kalmar sirri. Windows nau'in Pro tana da abin kulle faifai mai suna BitLocker, wanda zai ba ki lambar ceto mai lamba 48. Ki buga ta a takarda a ajiye a wuri biyu, domin idan kalmar sirri da lambar suka ɓace tare, ba mai gyaran da zai iya buɗe faifan. Wannan amana ce, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su.

Asusun Google ɗin ma na makaranta ya kamata ya zama, da lambar wayar makaranta, kuma mutum biyu su san kalmar sirrinsa. Na sha ganin inda ma'aikaci ya bar aiki ya tafi da asusun da aka buɗe da sunansa, ko layin da ake turo lambar shiga ya ɓace.

Gwajin dawo da fayil

Akwai wani ofis a Bauchi da aka kira ni bayan kwamfutarsu ta mutu. Hankalinsu a kwance yake, domin suna da faifan waje kuma ni da kaina na saita musu manhajar. Da na buɗe faifan sai na tarar kwafi na ƙarshe ya kai wata takwas. Faifan ya cika tun lokacin, manhajar tana fitar da ɗan gargaɗi a gefen allo, mai aikin kuma yana rufe shi kullum saboda bai san ma'anarsa ba. Rabin laifin nawa ne, domin na saita na tafi ban koya masa yadda zai duba ba, kuma tun daga ranar ban sake barin ofis ba sai mai aikin ya dawo da fayil da hannunsa a gabana. Manyan kamfanoni ma abin yana cin su. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanansu bisa kuskure, da suka juya ga hanyoyin ajiyar da suka tanada sai suka tarar yawancinsu ba sa aiki, kuma wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin lamarin ne ya cece su.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau ɗaya a wata, ki jona faifan, ki buɗe File History, ki shiga wurin dawo da fayiloli, ki zaɓi takarda ɗaya ta makon jiya da ɗaya ta zangon baya, ki sauke su a wata folda ta gwaji a Desktop don kada su hau kan na yanzu, sannan ki buɗe su ki ga lissafin yana nan daidai. Ki duba kwanan watan kwafi na ƙarshe, ki duba sauran wurin da ya rage a faifan. Minti goma ne. Ki ajiye ƙaramin littafi a durowar da faifan yake, kina rubuta ranar da aka ɗauki kwafi da ranar da aka gwada, shugaban makaranta yana sa hannu a ƙarshen wata kamar yadda yake yi wa rajistar ɗalibai. Shi kuwa cikakken hoton faifai, a gwada shi sau ɗaya a shekara lokacin dogon hutu: mai gyara ya tayar da kwamfutar da filash ɗin nan, ya tabbatar tana ganin faifan waje da hoton da ke ciki.

Tsohon faifan

Hukuncinsa ya danganta da irin mutuwar da ya yi, kuma wannan sai wanda ya riƙe shi a hannu ya saurare shi. Idan yana juyawa lafiya kuma wata kwamfutar tana ganinsa amma ba ta buɗe shi, akwai fata mai kyau, domin sau da yawa teburin da ke nuna inda fayiloli suke ne ya lalace, su kuwa suna nan. Ƙwararren mai gyara zai fara ɗaukar hoton faifan zuwa wani lafiyayye, sannan ya yi aikin ceto a kan hoton da manhaja irin TestDisk ko PhotoRec. Idan Windows ta ce a yi masa fomat, kada a yarda, kuma kada a rubuta komai a kansa.

Idan kuwa yana ƙara ƙas-ƙas idan an kunna shi, ko ba ya juyawa sam, to ciwon na ƙarfe ne, kuma duk kunnawar da aka ƙara tana iya ƙara kankare saman da bayanan suke. A nan aikina ya tsaya, haka ma na kowane shagon gyara na kasuwa, domin buɗe faifai yana bukatar ɗaki na musamman marar ƙura da kayan aikin da kamfanonin ceto bayanai kaɗai suke da su, kuɗinsu kuma yakan yi yawa ƙwarai. Kada ki bari kowa ya kwance shi a kan teburi ko ya sa shi a firji. Ki nannaɗe shi ki ajiye har makaranta ta yanke shawarar ko bayanan sun kai a kashe musu wannan kuɗin. Kafin nan, ki bi malaman azuzuwa ɗaya bayan ɗaya ki karɓi abin da ke filash ɗinsu da wayoyinsu, ki duba takardun da aka taɓa turawa ta WhatsApp da imel, ki kuma fito da manyan takardun maki da kwafin rasit da ke kabad. A makarantun da na taya irin wannan aiki, daga waɗannan wuraren aka haɗo mafi yawan abin da ya ɓace.